Ranar da Gwadabe Ya Ja Waƙar Godiyar Kaka

Ni ne mai tsaron ƙofar majami'armu, shekara ashirin da biyu ke nan. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, ina tsaye aka yi shi, har babban yatsana na ƙafar hagu ya samu rabonsa. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙafin Maiyaki da Ɗansoshiya, can inda kwalta ba ta kai ba. Wasunmu Kirista, wasu Musulmi, gonaki iyaka ɗaya, rijiya ɗaya. Wanda abin ya faru a kansa kuwa ɗan yayata ne, Gwadabe, ɗan farin Yaya Tani shugabar zumuntar mata. Na faɗi dangantakar tun yanzu don kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. Ina ƙaunar yaron nan. Amma ko a gaban alƙali zan maimaita cewa tun da nake ban ga mai cika baki irinsa ba.

Wata takwas ya yi a Kano. Abin da muka ji daga masu zuwa, ɗaukar lasifika yake yi a wata babbar majami'a, ya fito da ita da safe ya mayar da rana. Abin da shi ya dawo ya gaya mana kuwa, wai shi ke jan waƙa, mutum dubu biyar suna kuka a gabansa. Ya dawo da kwat mai ƙyalli, da baƙin tabarau, da farin tawul a kafaɗa, ya kuma kafa doka cewa daga yau Minista ne sunansa, yadda ake kiran manyan mawaƙan majami'un birni.

Dawowarsa ta zo daidai da lokacin da Baba Inuwa, shugaban mawaƙanmu, ya ce zai ajiye aiki bayan godiyar kaka. Shekara arba'in da ɗaya tsohon nan yana jan waƙa daga littafin waƙoƙi. Haƙoransa sun zube saura uku, numfashi ya ragu. Kuma a faɗi gaskiya, Baba Inuwa ba ya sauri. In ya kama baiti ɗaya, mace za ta iya zuwa gida ta gyara wutar tukunya ta dawo ta tarar ba a kai amshi ba. Samarinmu sun fara hawa babur ranar Lahadi suna tafiya majami'un cikin gari inda ake tsalle, kuma abin yana ci wa Fasto Ayuba tuwo a ƙwarya.

Wata Lahadi bayan sujada, dattawa suna zaune a gindin mangwaro, sai ga Gwadabe ya zo ya durƙusa rabin durƙuso don kada wandon ya taɓa ƙasa.

"Baba Fasto, ciwon ikilisiyar nan ɗaya ne, ni kuma na zo da maganinsa," in ji shi. "Waƙoƙinku sun tsufa. Waɗanda suka kawo su sun mutu, jikokinsu ma sun bar rera su, ku kuna nan kuna ja kamar masu rakiyar gawa."

Baba Inuwa ya ɗago kai. "Shi wanda ake yi wa waƙar ya tsufa ne?"

"Bai tsufa ba, Baba, amma ya gaji. Shekara arba'in yana jiran ka kai ƙarshen layi."

Samarin da ke gefe suka fashe da dariya. Ni ma sai da na juya baya na yi tari.

"To, madalla," in ji Baba Inuwa. "Taku ta zamani baiti nawa ce?"

"Wane irin baiti? Layi ɗaya ne tak. A yi ta maimaitawa har Ruhu ya sauko."

"In bai sauko ba fa?"

"Sai a ƙara sauti."

"Ashe a wurinku da nisa yake zaune."

Wannan karon dattawa ne suka yi dariya. Fasto Ayuba, wanda ba ya son a ɓata wa kowa, ya yanke magana. Ya ce saura mako uku Lahadin godiyar kaka. A bar wa Gwadabe waƙar ranar. Bayan sujada dattawa shida da shugabar zumuntar mata za su zauna su ɗaga hannu. In sun yarda, shuɗiyar rigar shugaban mawaƙa ta zama tasa. In ba su yarda ba, a nemi wani.

"A fara ƙara wa rigar faɗi," in ji Gwadabe. "Na fi Baba Inuwa kafaɗa."

A nan sai na tsaya na bayyana yadda muke godiyar kaka, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito. Ranar, kowa yakan kawo wani abu daga amfanin gonarsa ko kiwonsa ya ajiye a filin gaban majami'a. Idan lokacin baiko ya yi, wato lokacin miƙa wa Ubangiji kyauta, sai kowa ya fita ya tsaya wajen kayansa, a bar mawaƙa da Fasto a ciki. Majami'armu kuwa ƙofa ɗaya gare ta, hanyar tsakiya kuma mutum biyu masu kaya ba sa jerawa. Tsohuwar waƙarmu ta kaka baiti bakwai ce, kuma kowane baiti da masu shi. Na fari dattawa ne da dammunan dawa. Na biyu magidanta da buhunan masara da shinkafa. Na uku matan aure da gyaɗa da wake da galan na man gyaɗa. Na huɗu tsofaffin mata da ƙwai da daddawa. Sannan samari da rake, sannan masu kaji, a ƙarshe masu awaki da tumaki. Mutum yana jin an shiga baitinsa sai ya ɗauki kayansa ya tako a hankali, ya ajiye gaban bagade, wato teburin da ke can gaban majami'a, ya nemi wuri ya zauna. Babu wanda ya rubuta wannan tsari, babu mai sanarwa. Ni kaina duk shekarun nan tsayuwa kawai nake a ƙofa ina amsa gaisuwa.

Washegari Gwadabe ya hau babur ya tafi Ƙafin Maiyaki, ya aro kibod a wurin wani mai kiɗan biki, wato piyanon nan na lantarki. Ya ɗaure ta a gicciye a bayan babur, ya manta cewa hanyarmu ta ratsa gonakin dawa da ba a yanke ba. Ya iso da la'asar, kibod ta sha duka hagu da dama, ganyen dawa ya cika ta, haƙoranta uku sun ɓalle sun ɓace a hanya. Baba Inuwa ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Ni saura uku, ita ta rasa uku," in ji shi. "In ta yi shekara a garin nan za ta tarar da ni."

Gwadabe ya ajiye ta a kan turmi biyu a tsakar gida don ta sha iska. Da safe ya fito ya tarar Yaya Tani ta ga abu mai tsawo da faɗi yana zaman banza a rana, ta yanka kuɓewa ta shanya a kai.

"Inna! Kin san mene ne wannan? Daga ƙasar waje aka kawo shi!"

"To su mutanen ƙasar wajen ba sa shan miya ne?"

"Wannan kayan aikin Ubangiji ne!"

"Kuɓewar ma tasa ce. Kar ka taɓa sai ta bushe."

Yini ya yi yana tsince kuɓewa daga tsakanin haƙoran da tsinken tsintsiya. A nan ne na gano wani abu, don na zo gaishe da yayata na zauna ina kallonsa. Yaron nan bai iya kibod ba. Ko kusa. Akwai wani jan maɓalli da in an danna, na'urar take kiɗa da kanta, ganga da komai. Shi kuma sai ya riƙa wasa da yatsu a sama-sama yana girgiza kai kamar mai jin zafi. Na tambaye shi sauran maɓallan na mene ne, ya ce wannan ilimi ne mai zurfi, ba na masu tsaron ƙofa ba.

Ranar Laraba ya tara mawaƙa don koyo. Su goma sha huɗu ne, yawancinsu mata masu jikoki. Abin da ya fara yi shi ne karɓe littattafan waƙoƙinsu ya tura ƙarƙashin benci. Sannan ya koya musu waƙar da ya ce an ba shi a mafarki, ga ta duka: "Taso, taso, kowa ya taso, albarka ta sauko!"

Suka rera sau ɗaya suka tsaya suna jira.

"Sai me?" in ji Laraba, wadda ta fi su tsufa da baki.

"Sai a sake."

Suka sake. "Sai me?"

"Sai a sake, Baba Laraba! Sau arba'in, sau hamsin. Kuma ba a rera waƙar zamani ido buɗe. Ku rufe ido, ku ɗaga hannu. In mun kai ta goma, zan ɗaga tawul, sai kowa ya fashe da kuka."

"In mun rufe ido ta yaya za mu ga tawul ɗin?"

Ya gyara tabarau. "Za ku ji shi a jikinku."

"Kuma kukan me za mu yi, Minista? Damina ta yi kyau, ba wanda ya mutu."

"Kukan farin ciki."

"Mu nan in mun yi farin ciki guɗa muke yi."

"Guɗa ta ƙauye ce."

"To ai a ƙauyen kake," in ji Laraba.

Bai haƙura ba. Ranar Juma'a da yamma ya kunna janareta, ya hau mangwaro ya ɗaure lasifika a reshe, ya buɗe sauti har ƙarshe. Kafin a yi rabin awa mutane sun fara ɓullowa daga unguwannin kewaye, wasu a keke, wasu a ƙafa, mata da goyo. Sun ji ana cewa kowa ya taso da kiɗa mai ƙarfi, sun ɗauka ɗan siyasa ne ya zo rabon atamfa. Da suka tarar Gwadabe ne da tsofaffi goma sha huɗu ido rufe, wani mutumin Ɗansoshiya ya ce a biya shi wahalar ƙafarsa ko da ruwan sha ne. Gwadabe kuwa ya sauko yana haki, ya ce da ni, "Kawu, ka gani? Ko farawa ban yi ba, ga jama'a."

Malam Mujitaba, malamin allo da gidansa ke kallon majami'armu, ya tsallako ya same ni a ƙofa. Mun yi shekara da shekaru muna gaisawa a nan.

"Bala, barka da yamma. Lafiya dai ko? Biki ne ko gobara?"

"Koyon waƙa ne, Malam. Ta godiyar kaka. Bana sabuwa za a yi."

Ya saurara na ɗan lokaci. Layin ya zo ya wuce sau shida.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan."

"To, ni ba ruwana da sha'aninku," in ji shi. "Amma waccan tsohuwar, shekara talatin ina jin ta ta kan katanga. Ban san abin da take cewa ba, sai dai in na ji an shiga ja na ƙarshe na san lokacin awaki ne, sai in sa a kawar da tabarmi daga hanya. Ita wannan, a ina awakin za su shiga?"

Wallahi gaskiya ya faɗa. Mu da muke cikin majami'ar, daga Fasto har dattawa, ba wanda ya yi wannan tunani. Na je na sami Gwadabe yana goge tabarau, na zayyana masa komai, baiti-baiti, tun daga dawa har tumaki.

"Kawu," in ji shi, "irin wannan tunanin ne ya hana ku ci gaba. A Kano mutum dubu biyar suke tasowa lokaci ɗaya."

"Da akuya a hannu?"

"Ruhu ne zai tsara layi."

"Ƙofar fa ɗaya ce, Gwadabe."

"To kai aka ba ƙofar. Ka riƙe ƙofarka, in riƙe waƙata."

Ya kamata in je in gaya wa Fasto. Na san ya kamata. Amma maganar nan ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, kuma zan faɗi gaskiya tunda tuba nake nema: wani gefe na zuciyata yana son ya ga yadda za a ƙare. Na koma gida abina.

Lahadin ta zo. Filin majami'a ya cika da kaya irin wanda muka daɗe ba mu gani ba, don shekarar ta yi albarka. Mata sun sha ankon zumunta. Maƙwabtanmu Musulmi sun fito bakin gidajensu kamar yadda suka saba, don sukan yi mana barka in an tashi. Fasto ya gama wa'azi, ya ce lokacin baiko ya yi, kowa ya fita ya tsaya wajen kayansa. Yaya Tani tana can gefe da ƙwaryar ƙwan zabi a hannu, ta rufe da faifai. Ni na tsaya a ƙofata.

Gwadabe ya tako gaban bagade a cikin kwat, ya gyara tabarau, ya hura makirufo sau uku har jarirai biyu suka farka. Ya danna jan maɓalli. Kiɗa ya tashi, mai zafi, irin wanda ƙafa take bi ba tare da ta nemi izini ba. Ba zan yi ƙarya ba, kiɗan da daɗi. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu, lasifikar kan mangwaro ta tsage: "Taso, taso, kowa ya taso!"

Na waje suka kasa kunne. Dattawa suka dubi juna da dammunansu a ka. Wannan na farko ne? Suka fara takowa. Layin ya sake zuwa. Magidanta suka ce to, ga na biyu, suka saɓa buhuna. Kafin su yi taku uku layin ya zo na uku, mata suka ɗauki gyaɗa da mai. Na huɗu, na biyar, na shida, na bakwai, duka a cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Na ɗaga kai sai na ga garin gaba ɗaya ya nufo ni, mutane da dabbobi, kuma a guje, don kiɗan ba ya barin mutum ya yi tafiyar hankali.

Na ware hannuwa na ce, "Dattawa tukuna!" Ban ji muryata ba ma.

Wani saurayi ya riga kowa isowa da rake guda biyar a kafaɗa, yana rawa, ya juya, raken ya gicciye ƙofa. Dattawa suka taru a bayansa. Magidanta suka taru a bayan dattawa. Awaki, da aka saba riƙe su can nesa sai ƙarshe, yau suka sami kansu a tsakiyar dawa. Wata jar akuya ta ɗaga ƙafafun gaba ta dafa bayan dattijo Istifanus ta fara cin daminsa tun yana kansa. Ya juya ya kore ta, damin ya share fuskar mai buhun shinkafa, buhun ya sauka a kan yatsana. Na yi ihu. Raken ya karye, jama'a suka kwararo ciki kamar an fasa madatsar ruwa.

A hanyar tsakiya galan ɗin man gyaɗa ya kuɓuce wa wata, murfin ya fita. Daɓen majami'armu siminti ne mai santsi. Mutum na farko da ya taka ya tafi zaune har gaban bagade, da zakara a hammata. Na biyu ya bi shi. Kaji suka kuɓuce suka hau raftar rufin majami'a, wasu suka sauka a kan mawaƙa, waɗanda suke tsaye ido rufe, hannu sama, suna bin umarni. Laraba ce kaɗai ta buɗe ido ɗaya, ta ga abin da ke tafe, ta hau benci.

"Wayyo Yesu!" in ji wata. "Ubangiji ka cece mu!" in ji wani.

Gwadabe yana jin wannan, ido rufe a bayan baƙin tabarau, sai ya ɗauka abin da ya yi alkawari ne ya sauko. Ya ɗaga tawul yana kaɗawa. "Haka ne! Ku yi kuka! Kada ku riƙe shi!"

Fasto Ayuba ya ratso ta kan buhuna ya kama shi a hannun kwat. "Gwadabe, rage! Rage saurin!"

"A ƙara, Baba Fasto? An gama!" Ya lalubi wani maɓalli ya danna, kiɗan ya ninka sauri. Fasto ya yi masa ihu a kunne. Sai a lokacin ya gane ana son ya rage, amma bai san inda ake ragewa ba, kuma bai yarda ya buɗe ido a ga yana nema ba. Ya danna wani. Na'urar ta fara tafi, tafin mutane masu yawa. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai yana godiya. Ya danna na kusa da shi, sai ga haushin kare, ƙato, daga lasifikar ciki da ta kan mangwaro.

Duk akuya da tunkiyar da ke wurin ta yanke shawara lokaci ɗaya. Na waje suka yi ciki, na ciki suka yi waje, ni ina tsakiya. Wani rago mai ƙaho, wanda mai shi ya yi wata shida yana turke don wannan rana, ya fizge igiya ya bi ta ƙarƙashin teburin kibod. Igiyar ta naɗe waya. Ragon ya yi gaba, kibod ta bi shi, ta faɗo ƙasa da wani irin kuka, ta ja har tsakiyar man gyaɗa, sannan wayar ta tsinke.

Shiru. Sai kukan kaza ɗaya a kan rafta.

Gwadabe ya buɗe ido. Ya cire tabarau. Ya dubi dattijo Istifanus da ke zaune a ƙasa da guntun dami a cinya, ya dubi Fasto da gashin kaza a kafaɗa, ya dubi ragon da ke tsaye kan bagade yana cin ganyen da aka yi ado da shi. Makirufo yana hannunsa har yanzu, amma ba ya aiki.

"Wa ya bar dabbobi suka shigo?" in ji shi. "Ina mai ƙofa?"

Da yatsana bai kumbura ba da na isa wurinsa kafin Fasto ya tare ni.

Ba wanda ya ce wa Baba Inuwa komai. Yana zaune a bencinsa na gefe inda ya yi sujadar duka, hannu a kan sanda. Sai kawai ya buɗe baki ya kama baiti na fari na tsohuwar waƙar, da muryar nan tasa mai rawa, a hankali kamar kullum. Laraba ta amsa daga kan benci. Sauran mawaƙa suka sauke hannu suka shiga, ba littafi, don ba su taɓa buƙatarsa ba. Abin mamaki, sai na ga mutane suna juyawa suna fita da kansu, kowa yana tsintar abin da ya rage nasa. Mata biyu suka watsa ƙasa a kan man. Baba Inuwa ya ja baitin ya ƙara ja, idonsa a kan ƙofa, bai sake shi ba sai da ya ga dattijo na ƙarshe ya ajiye daminsa. A ranar na gane cewa jan da muke yi masa dariya, rabinsa tsufa ne, rabinsa kuwa jiran mutane yake.

Aka yi na biyu, aka yi na uku. Da aka shiga na huɗu, tsofaffin mata suka tako. Yaya Tani tana cikinsu, zanin ankonta ya ɓaci da gwaiduwa tun daga ƙirji har gwiwa. Ƙwaryar tana hannunta, babu komai a ciki. Ta tako da ita haka har gaban bagade, ta durƙusa, ta ajiye ta, ta koma ta zauna. Ni da na so in ga yadda za a ƙare, na gani, kuma kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Bayan sujada aka zauna a gindin mangwaro, jama'a sun kewaye, har da Malam Mujitaba da ya kawo awaki biyu da suka faɗa gidansa. Na ɗauka Gwadabe zai ɓuya. Ina! Ya zo ya tsaya a tsakiya, tawul a kafaɗa.

"Ku faɗi gaskiya," in ji shi. "Tun da aka gina majami'ar nan, an taɓa yin waƙar da ta tayar da kowa lokaci ɗaya? Har dabbobi? Matsalar ƙofa ce. A fasa bango a ƙara biyu, baɗi ku ga aiki."

Abin haushi, maganar ta shiga wasu. Uku daga cikin dattawa 'ya'yansu suna cikin masu gudu gari ranar Lahadi, kuma yau sun ga yaran sun zo, sun yi rawa. Da Fasto ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, uku suka ɗaga. Masu ƙi, uku, Istifanus ya ɗaga duka biyu aka ce ya sauke ɗaya. Saura shugabar zumuntar mata.

Gwadabe ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Kawu, an gama. A kawo riga."

Yaya Tani ta miƙe. Ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne, don haka ba ta ko dube shi ba, Fasto ta fuskanta.

"Baba Fasto, kiɗan yaron nan ban ƙi shi ba. Ni ma ƙafata ta motsa, ba zan ɓoye ba. In yara suna so, a nemi wanda ya iya, a ba su lokacinsu su yi tsallensu. Amma tun ina budurwa ban taɓa zuwa gaban Ubangiji hannu wofi ranar godiya ba sai yau. Mako biyar ina bin zabin nan cikin ciyawa ina tsintar ƙwai ɗaya-ɗaya. Mai jan waƙa mutane yake kallo, ya ga wa ya taso, wa ya gaji, wa ya faɗi. Wannan ya rufe ido, ya kuma sa baƙin gilashi a kai. Na faɗi a ƙofa ina kiransa, yana ce mini in ƙara kuka. Ban ba shi rigar ba."

Ta zauna.

Gwadabe ya sauke tawul daga kafaɗa. Wannan karon ya durƙusa sosai, gwiwar wandon har ƙasa, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro.

"Inna, ni ne fa."

"Na gane ka," in ji Yaya Tani, tana kankare gwaiduwa daga zaninta da farce. "Da ban san ka ba ai da na ba ka."